Daga Argungu Zuwa Wani Ofis A Birnin Kebbi

Ran wata Litinin da kaka muka yi asubanci zuwa tashar mota ta Argungu, tare da wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin masinja, ga shi takardun fanshonsa suna kwance a wani ofis da ke bayan garin Birnin Kebbi. Ganinsa ya yi rauni, shi ya sa ya nemi rakiyarmu. Shinkafar da ya noma a fadama ya ɗiba ya sayar, kana ya sami kuɗin mota.

Wanda bai saba ba ya sani, motar haya ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi. Saboda haka mai son ya iske akawu a kujerarsa, to, daga masallaci ya zarce tasha. Kuma tun kafin a tashi ya gaya wa yaron mota inda zai sauka, domin idan aka wuce da shi cikin gari, sai ya sake biyan ɗan kabu-kabu ya komo da shi baya.

Hanyar nan gajera ce, amma tarihinta dogo ne. Mun baro Argungu, inda Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci a 1934, wadda ita ce asalin bikin kamun kifi na Matan Fada. Muka ratsa ƙasar Alwasa, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane masu yawa a 1805, watau shekarar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Hanyar da kakanni suka bi da mashi, yau jikokinsu na binta kafaɗa da kafaɗa a kujera ɗaya. Wannan ni'ima ce abar godiya.

Wajen Ambursa wani ɗan kasuwa ya ce, "Malam, ko wannan tafiya ta isa a yi ƙasaru?" Muka ce a'a. A mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai baridi 4, watau mil 48, kamar yadda ya zo a Risala, tsakanin garuruwan nan biyu kuwa bai kai haka ba.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991, ofisoshi suka yawaita har suka fita bayan gari. An huta da zuwa Sakkwato, amma talaka bai huta da jira ba. Mun isa da hantsi, aka ce mai fayil ɗin ya fita. Muka zauna gindin bedi har aka kira azahar. Bayan salla wani yaro akawu ya dubi dattijon, ya ce, "Baba, kawo lambar in duba." Nan da nan ya fito da fayil, bai nemi ko sisi ba. Sai dai saura hannu ɗaya, mai sa shi kuwa ba ya nan. Aka ce mu komo Alhamis.

A hanyar komowa dattijon bai yi ƙorafi ba, lissafi kawai yake yi na kwano nawa zai sake sayarwa.

To, 'yan'uwa ma'aikata, sa'ar da kuka bar kujera ba taku ba ce, an riga an biya ku ita, kuma akwai wanda ya sayar da abincin iyalinsa don ya iske ku a cikinta. Ku kuma masu motoci, kujerar mutum uku ba ta huɗu ba ce, rayukan da kuka ɗauka amana ne. Yaron nan akawu kuwa, Allah Ya yi masa albarka, Ya yawaita mana irinsa. Amin.