Wa Zai Ja Mana Labarin?

Sunansa wasan kan tebur, amma mu a kan tabarma muke yin sa. Duk daren Asabar bayan sallar isha'i, mu biyar, 'ya'yan wa da ƙani da muka tashi gida ɗaya, mukan zauna a tsakar gida da fensir da takarda da 'ya'yan ludo masu siffa iri-iri. Akwai mai fuska huɗu, akwai mai takwas, sai babbansu mai fuska ashirin. Yayanmu ne ke jan labarin. Zai ce: "Kun iso bakin gada cikin dare, ga mai gadi yana gyangyaɗi. Me za ku yi?" Kowa da jarumin da ya ƙirƙira, kowa zai faɗi abin da nasa zai aikata. In abin mai haɗari ne sai a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta raba gardama, ko ka lallaɓa ka wuce, ko ka yi tuntuɓe ka tashe shi. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ya ci wani. Sai da Baba ya tsaya a kanmu dare biyu kafin ya yarda ba caca muke yi ba.

Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda ake taƙaitawa da D&D. Yaya ne ya dawo da littattafansa uku daga karatu a ƙasar waje, kowanne a kan kusan dala 50. Da su muka yi shekara shida muna wasa. A tsawon wannan lokaci mu huɗun da suka rage ko sisi ba mu kashe ba, in ka cire gyaɗa da shayi. Ba mu taɓa tunanin cewa wannan ya shafi kowa ba, sai daga baya muka gane cewa shi ne ciwon da ke damun masu wannan sana'a tun ranar da aka fara ta.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, ƙananan littattafai uku cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko. Kamfaninsa na asali, TSR, ya bunƙasa, ya yi ta buga littafi kan littafi, har kaya suka yi kwantai bashi ya kai masa wuya. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya yi kuɗi da wasan kati, ya saye shi. A 1999 Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya saye Wizards ɗin. Ko a hannun wa wasan yake, matsalar ɗaya ce. Mai sayar da burodi ya san gobe za ka dawo. Mai sayar da littafin dokokin wasa kuwa ya ba ka abin da zai ishe ka shekara goma, kai da abokanka huɗu, domin sauran kayan aikin duk a kanku suke.

A shekarar 2000 Wizards ya yi wata dabara. Ya fitar da lasisi mai suna OGL, wanda ya ba kowa damar amfani da ginshiƙan dokokin wasan ya rubuta nasa littafin ya sayar, ba tare da biyan kaso ba. Ƙananan marubuta da kamfanoni suka cika kasuwa, kuma duk abin da suka rubuta yana ƙara jawo mutane ga babban littafin. Da kamfanin ya tsuke sharuɗɗa a bugu na huɗu a 2008, sai wani ƙaramin kamfani, Paizo, ya ɗauki tsofaffin dokokin ya gina Pathfinder a 2009, har ya yi wasu shekaru yana shan gaban D&D a shagunan wasanni na Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bugu na biyar, wanda muke da shi, ya fito a 2014, kuma da shi kasuwa ta buɗe yadda ba ta taɓa yi ba. Shirin Critical Role, inda wasu masu sana'ar murya ke wasan a gaban kyamara, ya fara a 2015. Shirin Stranger Things na 2016 ya nuna yara suna yin sa a ɗakin ƙasa. Zaman gida na lokacin korona ya tura mutane da yawa yin sa ta intanet. A 2022 Hasbro ya biya sama da dala miliyan 146 ya sayi D&D Beyond, shafin da ake ajiye jarumai da littattafai a waya.

A ƙarshen wannan shekarar shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a tatsar wasan yadda ya kamata, kuma masu jan labari, waɗanda su ne 'yan tsiraru, su ne suka fi kashe kuɗi. Da Yaya ya karanta mana, muka kalli juna muka yi dariya, domin kamar ta leƙo tsakar gidanmu ne. A Janairun 2023 aka fallasa daftarin sabon lasisi da zai soke tsohon, ya kuma karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura dala 750,000 daga cinikin manyan masu bugawa. 'Yan wasa suka tayar da ƙura, da yawa suka daina biyan kuɗin wata-wata na D&D Beyond. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ginshiƙan dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba ya iya karɓewa.

To, lafiya sana'ar take ko kuwa? Ya danganta da wanda ka tambaya. A Disamban 2023 wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda aka gina kan dokokin D&D, ya lashe kambun wasan shekara. A cikin watan kuma Hasbro ya sanar da sallamar ma'aikata 1,100, har da wasu masu aikin D&D. Ƙananan kamfanoni sun samu hanyar karo-karo: a 2021 masu Avatar Legends sun tara kusan dala miliyan 9.5 a Kickstarter tun ba a buga littafin ba. Amma yawancin marubuta ba sa ganin ko ƙurar irin wannan kuɗi, da rana suna wani aikin, da dare suna rubutu. A Janairun 2025 Diamond, babban dillalin da ke kai kaya shagunan littattafan barkwanci da wasanni, ya nemi kariyar kotu saboda bashi. A Afrilu harajin da Amurka ta sa wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin ɗari kafin a sassauta, alhali a can ake buga littattafai da 'ya'yan ludo da yawa. Sunan wasan ya kai ko'ina, amma masu rubuta shi da yawa suna cin abinci ne da ƙyar.

Duk wannan daga nesa muke jin sa, har ranar da aka yi wa Yaya canjin wurin aiki. Ya bar mana littattafan a kan kanta. Asabar ta farko muka shimfiɗa tabarma, muka sha shayi, kowa yana jiran wani ya buɗe baki. Ta biyu mutum uku ne suka zo. Daga nan sai muka daina ma maganar. Wata bakwai littattafan suna shan ƙura. Sai a lokacin muka san aikin da yake yi. Shi ke zana taswira a daren Juma'a, shi ke tuna sunan maƙerin da muka yaudara wata uku da suka wuce, shi ke lura idan ɗayanmu ya yi shiru ya jefo masa abin yi. Kuɗin littafi shi ne mafi sauƙin abin da ya kashe mana.

Autarmu ce ta ta da wasan. Tana aji biyar na sakandare, kuma a da sai dai ta zauna gefe tana sauraro. Ashe ta sauke dokokin kyauta a wayarta tana karantawa. Wani dare ta kira Yaya a gabanmu.

"Yaya, in na ja labarin ba za su yi mini dariya ba?"

"Za su yi, Auta. Ni ma sun yi mini. Ki dai fara da wuri guda da matsala guda."

Ta fara da rijiya da ta ƙafe a wani ƙauye, da wata murya da ake ji daga ƙasanta. Ta manta dokoki, ta ƙirƙiro nata, sau biyu ta buɗe littafi ta rufe ba ta samu abin da take nema ba. Ƙarfe ɗaya na dare muka tashi, kuma ba wanda ya duba waya.

Tun daga ranar, idan muka ji ana gardamar makomar wannan sana'a, ko manhaja za ta maye gurbin littafi, ko na'ura mai ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa jan labari, ko wani sabon wasa kamar Daggerheart zai karya ƙarfin D&D, abin da muke tambaya shi ne: wannan zai sauƙaƙa wa yarinya kamar Auta ta hau kujerar, ko zai ƙara mata shinge? Dokokin da aka saki kyauta sun haifi sabuwar mai jan labari a gidanmu. Da an kulle su a bayan biyan wata-wata da dala, da har yau shayi kawai muke sha. Kamfanin da ya riƙe wannan zai daɗe, domin kowane mai jan labari yana zuwa ne da mutum huɗu a bayansa.

Mu ma mun ga namu laifin. Shekara shida muna morar aikin mutanen da ba mu taɓa biya ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Yanzu mun buɗe asusu, kowa yana jefa abin da ya samu. Da kuɗin farko muka saya wa Auta ɗan littafin labari na PDF daga wani marubuci mai zaman kansa, shafi talatin da 'yan kai, da zane-zanen da shi ya yi da hannunsa. Ta hana mu leƙawa. Ta dai ce a Asabar mai zuwa kowa ya tabbata jaruminsa ya zo da igiya da fitila.