Asibitin kwaɗi a bayan ajinmu

Ranar wata Litinin ta watan Nuwamba na shigo aji da ƙarfe takwas saura, na tarar yara sun yi cincirindo a kusurwar baya, babu mai magana. Duk malamin da ya taɓa riƙe ƴan 6e ya san shirunsu ba ya zuwa da alheri. Na kutsa na leƙa cikin rabin tanon da muke kiwon kwaɗi. Ɗaya yana kwance rigingine a bakin ruwa, ya sandare. Biyu sun lafe jikin dutse, na zungure su da kara ko motsi ba su yi ba. Da na juya ɗayansu sai na ga cikinsa da ƙarƙashin cinyoyinsa sun yi jajir.

Na san wani zai ce me ya haɗa malami da kiwon kwaɗi. Ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wata kwaleji cikin jihar Maraɗi. Ba mu da ɗakin gwaji, allo ne da alli. Shekara da shekaru ina zana rayuwar kwaɗo a allo, daga ƙwai zuwa ɗan kwaɗo mai wutsiya zuwa babba, yara su kwafa, su haddace, su manta. A shekarar da nake ba da labarinta, da aka koma lakwal a watan Oktoba tabkin bayan unguwa bai ƙafe ba, kuma cike yake da ƴaƴan kwaɗi. Muka yanka wani tsohon tano na roba gida biyu, muka zuba yashi a gefe ɗaya, ruwa a ɗaya gefen, muka sa duwatsu da guntun icce, muka rufe da yagaggen gidan sauro. Yara suka gani da idonsu yadda ƙafafun baya ke fara fitowa, na gaba su biyo, wutsiya ta yi ta raguwa har ta ɓace. Guda shida suka kai kwaɗi. Aka raɗa musu sunaye, aka rubuta jerin masu kawo musu gara da ƙananan fara. Ban taɓa ganin aji ya so darasi kamar haka ba.

Akwai wani yaro a ajin da ba ya magana. Daga wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa yake, yana zaune gidan wani ɗan uwansu a cikin gari saboda karatu. Wata rana ya dawo daga ƙauye da gwangwanin madara, ya ɗaga hannu, karo na farko tun buɗe makaranta, ya ce: "Mushe, na kawo musu ɗan uwa." Ɗan matashin kwaɗo ne, bai fi namu girma da yawa ba. Na ga ya rame, na ga ƙujewa a hancinsa, amma murnar yaron ta rufe mini ido. Na karɓi gwangwanin na juye cikin tano. Yara suka sa masa suna Baƙo.

A makon ne kuma famfo ya ɗauke. Kwana biyar ba mu sauya ruwa ba, matattun fara suka ruɓe a ciki, ga Asabar da Lahadi babu kowa. Kwana goma bayan zuwan Baƙo muka wayi gari da gawa, kuma Baƙo yana cikin biyun da suka kwanta.

Kafin in buɗe baki aji ya yanke hukunci. Wani ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wata ta ce a jefar da Baƙo bayan katanga. Daga baya na ji an fara kiran yaron "mai kwaɗon annoba". Ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba har aka tashi.

Wanda ya fara gyara mini tunani shi ne Baba mai gadi, dattijon da ya yi kiwo kafin ya zo birni. Ya leƙa tanon, ya toshe hanci, ya ce: "Mushe, kai da ka yi boko? Ko akuya ka sayo a kasuwa, ai ba ka sakinta cikin garke ranar nan. Ɗaure ta kake yi gefe, ka ga cinta, ka ga kashinta." Na ce: "Gaskiyarka, Baba." Kunya ta kama ni, domin abin da ya faɗa yana cikin abin da nake koyarwa, yana kuma cikin addininmu. Hadisi ingantacce ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Wani kuma ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kwaɗin nan ba su roƙe ni in raba su da tabki ba. Tunda na tsare su, ruwansu da cinsu da lafiyarsu sun zama amana a wuyana.

Da yamma na je wajen wani likitan dabbobi da na sani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara ashirin yana duba shanu da awaki, yau an kawo masa kwaɗo. Da ya gama dariya ya saurare ni. Alamun da na faɗa, jan ciki da cinya, kasala, ƙin cin abinci, sun dace da abin da masu kiwon kwaɗi ke kira ciwon jar ƙafa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo shi, mafi shahara cikinsu ita ce Aeromonas, wadda dama tana zaune cikin ruwa. Ba ta cika kayar da lafiyayyen kwaɗo ba, sai ruwa ya ƙazantu, ko wuri ya yi cunkoso, ko fata ta sami rauni. Duka ukun na haɗa su da hannuna. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in daka ƙwayar maganin mutane, irin ta ƴan talla, in barbaɗa cikin ruwa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, ta fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ka zuba masa a ruwa, cikin jininsa ka zuba.

Washegari na ajiye darasin da na shirya. Na tsaya gaban aji na ce laifin nawa ne, na lissafa musu kurakuraina uku a allo. Sannan muka buɗe asibiti.

Mun samo bokitai uku na roba muka wanke. Marasa lafiya biyu kowa da bokitinsa, masu lafiya huɗu a na uku, kuma muka nisanta su, su a gaban aji, majinyata a baya. Ba mu sa yashi ba. Farin ƙyalle mai tsabta muka jiƙa muka shimfiɗa, da ɗan murfin roba na ruwa da guntun ƙwarya na ɓuya, don a iya ganin kashinsu a kuma sauya komai kullum. Kowane bokiti da cokalinsa da kofinsa, an ɗaura musu zare mai launi daban don kada su gauraya. Doka ita ce a fara da masu lafiya a ƙare da marasa lafiya, ba a komawa baya. Ba mu da safar hannu, sai muka riƙa sa leda mai tsabta a hannu, a jiƙa ta, a yi aiki, a jefar. Sabulu da man shafawa guba ne ga fatar kwaɗo, saboda haka da ruwa zalla ake ɗauraye hannu kafin aiki. Bayan aiki kuwa sabulu dole ne, domin kwaɗi na iya ɗauke da Salmonella mai sa mutum zawo da zazzaɓi. Ruwan famfo, da ya dawo, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin mu yi amfani da shi, don kulorin da ke ciki ya fice.

Sai wankin gidan. Yashi da icce muka fitar, iccen muka ƙone, yashin muka binne tare da mushen a rami mai zurfi. Duwatsu muka tafasa a tukunyar mai sayar da ƙosai ta bakin ƙofa, bayan dogon ciniki da alkawarin za mu wanke mata ita. Tsohon ruwan muka zuba masa jabel, ya jima, sannan muka juye a masai. Tanon kansa sai da muka kankare shi tas tukuna, domin jabel ba ya aiki sosai a kan dauɗa. Muka haɗa kofi 1 na jabel da kofi 9 na ruwa, muka jiƙa ko'ina, muka bar shi minti 15. Ni na riƙe kwalbar, a waje cikin iska, yara suna nesa. Muka ɗauraye sau da yawa har hanci ya daina jin wari, muka shanya shi kwana biyu a rana. Yara da dama sun san warin nan tun lokacin kwalarar 2018, da aka riƙa wanke hannu da ruwan kulorin a ƙofar asibitoci. Ranar suka fahimci dalilin.

Na naɗa yaron nan shugaban masu jinya. Wasu suka yi gunaguni, na yi kamar ban ji ba. A rana ta uku ɗaya majinyacin ya mutu. Bayan an tashi ya tsaya har kowa ya fita, ya ce: "Mushe, shi ma Baƙo an ware shi ne don ya mutu shi kaɗai?" Na tambaye shi sau nawa yake leƙa bokitin Baƙo a rana. Ya ce sau huɗu. Na ce sauran fa? Ya ce sau ɗaya. Na ce to wa aka fi kula da shi? Bai ba ni amsa ba, amma washegari ya zo da gara cike da gwangwani. A rana ta tara Baƙo ya harbo harshe ya cafke ɗaya. Ihun da yaron ya yi sai da darakta ya leƙo.

Jan ya dushe a hankali, sai yara suka matsa a mayar da shi cikin ƴan uwansa. Na ce sai ya cika kwana 30 yana ci, ba wata alama, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masu kiwon kwaɗi ke ba baƙo ko wanda ya tashi daga ciwo. Wasu suka ce to a mayar da su duka tabki a huta. Nan ma na ƙi, na ba su labarin wata cutar fata ta naman gwari da masana suka gano a 1998, wadda ta bi cinikin kwaɗi da jigilarsu ta zagaya duniya. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ɗora mata raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Kwaɗon zinariya na ƙasar Panama yau a gidajen kiwo ake ganinsa. Ba ita ce ta kama namu ba, amma hanyar ɗaya ce: wani ya ɗauki dabba daga nan ya saka can da kyakkyawar niyya. Kwanakin suka faɗa cikin hutun Disamba, na kwashe bokitai zuwa gida. Uwargida ta dube ni ta dube su, ta ce: "Malam, in dai ba a madafata za su kwana ba, Allah ya ba su lafiya."

Abin da ya sa na rubuta wannan ga ƴan uwana malamai da iyaye shi ne, abin da na gani a tanon nan ina ganinsa a aji kowace shekara. Yaro ya tashi da apolo, ido jajir, a turo shi lakwal don kada darasi ya wuce shi, kafin mako rabin aji na murza ido. Lokacin zafi ƙyanda ta shigo, a ɓoye yaro a ɗaki tare da ƙannensa, ba a kai shi likita ba, ba a gaya wa makaranta ba, alhali ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. Iyaye ba mugunta ke sa su haka ba. Tsoron baki ne, kada a ce gidan wane akwai cuta. Mu malamai ma muna da namu kason. Muna rubuta yaro cikin masu fashi, mu hana shi jarrabawar da ta wuce shi, sannan mu yi mamakin me ya sa ake turo mana marasa lafiya. In muna so uwa ta riƙe ɗanta a gida, sai ta tabbata za a aika masa da darasi, za a tambayi jikinsa, kuma ranar da ya dawo ba mai yi masa waƙa. Keɓewar da babu kulawa a cikinta kora ce, yara kuma sun fi kowa gane bambancin.

Ga malamin da ke son gwada irin wannan kiwo, ya gwada, yana da amfani ƙwarai. Amma ya ɗauki kaɗan, ya tanadi ruwa a bido tun kafin famfo ya ɗauke, ya san wanda zai kula da su ranakun hutu, ya kuma ajiye bokiti ɗaya babu komai ciki saboda ranar da za a buƙace shi. In ba zai iya ba, ya kai yara bakin tabki su gani su dawo.

Da aka koma a Janairu muka zuba sabon yashi da muka soya a kasko ya huce, muka mayar da huɗun, sannan yaron ya ɗauko Baƙo da hannunsa cikin jiƙaƙƙiyar leda ya ajiye shi bisa dutse. Yarinyar da ta ce a jefar da shi bayan katanga ita ta riƙe masa gidan sauron. Bayan mako biyu wani ɗan 5e ya shigo da kwaɗo a aljihu yana so ya ƙara mana. Ban ce komai ba. Yaron ya tashi daga bencinsa, ya ɗauko bokitin nan, ya ɗaura masa sabon zare, ya rubuta kwanan wata a jikinsa da alli.