Katanga Ba Ta Ƙirga Yara

An gama kewaye makarantar firamaren garinmu da katangar bulo a ƙarshen daminar nan. An sa ƙofar ƙarfe, an ɗauki maigadi, an rubuta a jikin ƙofar cewa ba a shiga sai da izini. Mutanen gari sun yi murna, ni ma na yi, kuma da an nemi shawarata tun farko cewa zan yi a gina. Duk wanda ya ji labarin Kuriga ba zai raina katanga ba. Ranar 7 ga Maris 2024, da safe, yara sun gama asambili ke nan 'yan bindiga suka shigo a kan babura suka tasa ƙeyarsu zuwa daji. Da farko an ce su 287 ne, daga baya 137 aka dawo da su. Kafin nan, a watan Mayun 2021, an kwashe yaran Islamiyya fiye da 130 a Tegina, wasunsu ko wanka ba su iya yi wa kansu ba. Sai da suka yi kusan wata uku a hannun mutanen nan, iyaye suna sayar da gona da dabba don haɗa kuɗin fansa, kuma ba dukansu suka dawo da rai ba. Allah Ya tsare na gaba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, tun ranar da aka rataya ƙofar nan ƙafar iyaye ta ɗauke daga makarantar. Da can hanyar rijiya ta tsakiyar filin ta ratsa, mata suna wucewa da tulu suna leƙa taga. Tsofaffi biyu ko uku ba sa rabuwa da gindin darbejiyar da ke gaban ofishin hedimasta. Tsohuwa mai ƙosai da mai dafaffiyar gyaɗa suna nan tun kafin a buga tara, kuma babu yaron da ba su san gidansu ba. Baƙuwar fuska ba ta isa ta zagaya ajin nan sau biyu ba a tambaye ta daga ina ba. Yanzu an toshe hanyar, an fitar da masu talla, tsofaffin sun koma ƙofar masallaci. An bar yara wajen ɗari huɗu da malamai ƙalilan da maigadi ɗaya, wanda shi ma manomi ne, ga shi kuma kaka ta yi, geronsa na jiransa a gona.

Mu da aka ɗauka koyarwa a guguwar UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare ga kowa, mun san yadda aka gina irin waɗannan makarantu. Gwamnati ta buɗe ƙofa, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi lissafi, aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa. Ƙasar ginin kuwa a bayan ajin ake haƙa ta. Idan magina suka tafi sai su bar rami, damina ta cika shi, ya zama kududdufi. A ƙauyen da aka fara tura ni akwai irinsa, taku kaɗan daga bangon aji biyu. Kowa ya san da shi. Dagaci ya sani, hedimasta ya sani, iyaye a nan suke shayar da awaki.

Da kaka ruwan kududdufi yake fi yaudara. Ya fara janyewa, bakinsa ya zama laka mai santsi, tsakiyarsa kuma har yanzu yana shanye babban mutum. Wata Talata a lokacin cirar gyaɗa, wani yaro ɗan aji biyu ya amsa sunansa da safe. Da aka dawo daga tara ba ya kan bencinsa. Malaminsa bai damu ba, don a wannan makon kusan rabin ajin haka suke yi, su amsa suna su sulale gona. Uwarsa tana gida, a wurinta yaro yana makaranta. Ubansa yana gona, a wurinsa yaro yana wajen uwarsa. Sai bayan la'asar uwar ta zo gidan malamai, ta tsaya daga bakin zaure ta yi sallama. Ɗan fari ne, ba ta iya kama sunansa. Cewa ta yi, "Malam, ko kun aiki yaron nan ne? Tuwonsa na nan tun azahar bai zo ya ci ba." Kafin magariba aka tsamo shi.

Ba ɓarawo ba ne ya ɗauke shi, ba kuma sakacin mutum ɗaya ba ne da za a nuna da yatsa. Sa'o'i wajen shida yaro ba ya hannun kowa, alhali mutum uku kowannensu ya tabbata yana hannun ɗayan. Na bar aiki da daɗewa, na manta sunayen sufetoci da sakatarorin ilimi da yawa, amma sallamar matar nan tana kunnena. A makon ne dagaci ya sa aka yi gayya, aka kewaye ramin da ƙaya, da rani aka cike shi da ƙasa. Aikin bai ci garin komai ba sai yini biyu da ƙwaryar fura. Daga nan kuma duk makarantar da na riƙe sau biyu ake kiran suna, da safe da bayan tara, kuma wanda aka rasa a kira na biyu a take ake tura monita gidansu.

Wannan kira na biyu nake ta roƙon malaman yanzu su dawo da shi. Na je na sami hedimastanmu, yaro mai ladabi, ubansa ma ɗalibina ne. Ya ce, "Baba, ai yanzu akwai katanga, babu mai fita." Na ce da shi, ɗana, katanga tana hana fita, amma ba ta sanin wanda bai shigo ba. Yaron da ya bar gida da jakarsa ya tsaya a hanya, wa ya san da shi? Mu a zamaninmu ƙafar monita muke da ita. Ku kowa da waya a aljihu, minti guda ya ishe ku jin muryar uban yaro. Amma a buɗe rajistar aji a duba, a nuna mini inda aka rubuta lambar mahaifi ko ta mahaifiya.

Iyaye su ma ba zan ƙyale su ba. Akwai magidancin da zai gaya maka farashin buhun masara a Dawanau na yau da na jiya, amma bai san ajin da ɗansa yake ba, balle sunan malaminsa. Taron iyaye da malamai ya koma taron karɓar kuɗi, shi ya sa idan an kira ba a zuwa. Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, da aka ce a kafa a kowace makaranta, mai unguwa da liman da wakilan mata duk suna ciki, a wurare da yawa sunaye ne a takarda, ba sa haɗuwa sai an ji ƙishin-ƙishin tallafi zai sauka. Amma bari a ce za a yi bikin yaye 'yan aji shida, sai ka ga an fitar da anko, an ɗauko mai kiɗa, an yi hayar rumfa da kujeru. Kuɗin da aka kashe a yini guda ya isa a sa murfi a rijiyar makaranta a kuma gyara rufin da ke ɗiga. A birane abin ya fi muni, inda ake cusa yara a benen da aka gina don zaman iyali, uba ya biya kuɗin zango bai taɓa hawa matakalar ya ga inda ɗansa ke zama ba. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Bango ba ya faɗuwa sai ya fara tsagewa, kuma tsaga ba ta ɓuya ga wanda ya shiga ya duba.

Sai dai kada in cika baki da cewa shigowar iyaye kaɗai ta wadatar, don abin da ya faru a Maraɗi ya ƙaryata ni. A Nijar ana komawa lakwal, wato makaranta, a farkon Oktoba, kuma inda azuzuwan gini suka kasa, da kara da zana ake ƙara wasu. Sau da yawa iyaye ne da kansu suke kawo karan bayan girbi, su kafa, su rufa, don kada 'ya'yansu su zauna a gida. Babu sa hannun iyaye da ya wuce wannan. Amma ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a wata firamare a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. A watan Afrilun shekarar an yi irinta a Yamai, ta ci yara 20. Bayan ta Maraɗi ne hukuma ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a azuzuwan zana. Mu nan da Maraɗi dangi ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma da na ji labarin na daɗe ban iya magana ba. Niyya mai kyau ce ta kafa rumfunan nan, amma busasshen kara da iskar farkon hunturu ba ruwansu da niyya. Don haka idan na ce iyaye su shigo, ina nufin su shigo da ido mai tambaya: ƙofa nawa ajin nan yake da ita, ina ruwa mafi kusa, idan wani abu ya taso ta ina yara za su fita. Katangarmu ma ƙofa ɗaya gare ta, da kwaɗo ake rufe ta, mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya. Wannan ya isa a kira taro a kansa.

Kaka ita ce lokacin da makaranta da gari suke zama abu ɗaya, in da mun riƙe abin da muka gada. Da can kowace firamare tana da gonarta. Manyan yara su yi noma da damina, ranar girbi kuma iyaye maza su zo da lauje da magirbi, mata su zo da fura da dafaffen wake. A sayar da gyaɗar a sayi alli da ƙwallo da maganin ciwo. Da yamma a share fili, maza su yi langa da kokawa, mata su yi gaɗa, tsofaffi suna gefe suna raba gardama. Kafin nan an sha maci ana shirin 1 ga Oktoba, uwa ta kwana tana wanke kayan makaranta da bula don ɗanta ya fita fes a gaban hakimi. Wasu za su ce wasa ne kawai. To a ranar wasan nan ne ake sare ciyawar da ta yi tsawon yaro a bayan azuzuwa, inda kububuwa da kasa suke laɓewa. A ranar ne wani uba magini zai ɗaga kai ya ce azarar nan gara ta ci ta. A ranar ne malami zai haɗa fuskar yaro da ta ubansa. Ba wanda ya kira shi taron tsaro, amma aikin da yake yi ke nan. Gonar makarantarmu yau tana wajen katanga, kuma an riga an fara kafa duwatsun fuloti a gefenta.

Ga wani sabon abu da ba mu sani ba a zamaninmu. Ku tsaya a ƙofar makaranta da safe ku dubi gorunan ruwan da yara ke ratayowa. Za ku ga robar maganin feshi a ciki, ta maganin ciyawa ko ta ƙwari, an ɗauraye an zuba ruwan sha. Da kaka kuma ake sa wa wake magani don kada ya yi ƙwari, a jibge buhunan a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ba laifin gwamnati ba ne, ba kuma na malami ba. Daga gida yake fitowa, kuma mace ce ta fi kusa da shi. Amma taronmu bayan sallar Juma'a ake yin sa a ƙofar gidan mai unguwa, inda mace ba za ta zauna ba. Wadda ta san yaro bai dawo ya ci tuwonsa ba ita ce ba a gayyata. A ware wa iyaye mata ranarsu a cikin makaranta, da hantsi, malama ta jagorance su, a ji abin da za su faɗa.

Na shafe shekarun aikina ina faɗa da iyaye a kan cire yara daga aji lokacin girbi. Na kai ƙara gaban dagaci, na bi gonaki ina tattaro yara, kuma har gobe ina ganin karatun da yaro ya rasa a zangon farko ba ya cika ramawa. Duk da haka yau ga abin da nake cewa. Tunda dai za a tafi da su roron wake da cirar gyaɗa ko an yarda ko ba a yarda ba, gara a yi shi a fili. Kwamiti ya zauna da hedimasta da sakataren ilimi a tsayar da kwanaki sanannu, ko a riƙa tashi da wuri a makonnin girbi, a rama darasin da hunturu. Uban da ke buƙatar ɗansa ranar da ba ta cikin waɗannan ya zo da ƙafarsa, ko ya buga waya, ya ce Malam, yau yaron yana wurina. Malami ya rubuta. Idan ba a zo ba, ba a kira ba, benci kuma babu kowa, to kada a jira azahar, a fita nema tun da hantsi.