Na Bi Ɗana Gasar Karta, Na Ɓuge da Cin Tattasan Bask

Uwargida, idan ɗanki ya kira ki daga Turai ya ce zai shiga gasar karta, na san abin da zai fara zuwa ranki, don ni ma shi ya zo mini: shi ke nan, yaron nan ya faɗa caca. Nawa yana karatu ne a Bordo, ƙasar Faransa. Da na je duba shi a watan Yuli, sai na ce ƙafata ƙafarsa, sai na gani da idona.

Garin da ake gasar sunansa Biyarits, a bakin tekun Atilantika, dab da iyakar Sifen. Wasan kuwa birij ake ce masa. Mutum huɗu ne a tebur, biyu-biyu, a raba karta 52, kowa ya sami 13. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne rabon da aka buga a wannan tebur shi za a kai wancan, don haka lissafi ake gwadawa, ba sa'a ba. Ban ga ana zube kuɗi a tebur ba. Ɗakin tsit kamar ana jarrabawa, akasarinsu ma tsofaffi ne masu furfura. Hukuncin wasan dai na bar wa malamai, abin da na gani nake faɗa miki.

Amma abinci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yankin nan na mutanen Bask ne, masu harshensu Euskara, wanda bai haɗa dangi da Faransanci ko Sifaniyanci ba. Da aka tashi da yamma, muka shiga wani ƙaramin gidan abinci mai farin bango da jajayen tagogi, an rataye busasshen tattasai jere-jere kamar a rumfar kasuwa.

To, a nan za ki yi hattara. Mutanen nan suna alfahari da busasshen naman aladen Bayon, kuma sukan ɗora shi a kan abin da ba ki zata ba. Na zaɓi piperade, wato tumatir da albasa da tattasai da aka soya da ƙwai. Har mai hidimar ta juya, yaron ya ce, "Umma, tsaya in tambaya." Ashe da yankan alade ake kawo shi. Matar ba ta ɓata rai ba, ta ce za a soya mana namu daban da man zaitun. Miyar kifinsu mai suna ttoro ma muka tambaya, ta ce nata akwai giya a ciki, muka haƙura. Kada kunya ta hana ki tambaya biyu: akwai alade, akwai giya?

Da piperade ɗin ya iso, sai na ga kamar miyar ƙwan da muke ci da doya, sai dai tattasan ya nuna luguf, ga ɗan zaƙi. Sirrin shi ne barkonon ƙauyen Espelet, mai ƙamshi amma ba ya kusa da zafin attaruhu. Ke da kika saba da yaji za ki ce wasa suke. Sai gasasshen kifi, gishiri da tafarnuwa kawai, na kuwa cinye tas. Daga ƙarshe aka kawo cukun madarar tumaki, Ossau-Iraty, tare da ɗanƙon baƙin ceri mai zaƙi. Na yi ta harararsa, cuku da zaƙi? Loma ɗaya na yi shiru.

Muna ci yana zana mini a takarda yadda ya yi kuskure a rabo na ƙarshe, abokinsa ya ji haushi. Ban gane ko rabi ba, amma rabon da ya zauna ya yi mini hira haka tun yana sakandare. Muka fito wajen tara da rabi rana ba ta faɗi ba, sai kusan goma muka yi magariba.

Ba su ci gasar ba, a tsakiya suka ƙare. Ni kuwa na dawo da kwalba biyu na garin barkonon, ɗaya har ta ƙare a kan dafaffen ƙwan yara.