Akori-Kurar Mahaifina Da Lakar Damina

Abin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana bai wuce gona da wata tsohuwar akori-kura ƙirar Toyota Hilux ba. Ni aikin jarida ya ɗaure ni a birni, ƙanena ne ke tuƙa ta, da ita kuma ake ciyar da gida. A daminar bara ta kafe a wani kwari da buhu 20 na takin zamani a bayanta, tun la'asar har gari ya waye, ruwa kuwa ya kwana yana dukan takin. Da ƙanena ya bugo mini waya, cewa ya yi, "Yaya, taya ɗaya ce ke ta juyawa a cikin laka, ɗayar tana kan tsandauri amma ko motsi."

Wannan magana ce ta kai ni garejin wani dattijon bakanike. Ya nuna mini tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul ɗin baya, watau difarenshal. Aikinta shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota za ta sha kwana. To amma aibinta ke nan kuma, domin ƙarfin da za ta ba tayar da ke kan tsandauri ba ya wuce wanda tayar da ke cikin santsi ta iya riƙewa.

Ƙanena walda ya so a yi, a haɗe haƙoran ciki su zama guda, don ita ce mafi araha. Dattijon ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, a laka za ka ji daɗi. Amma a kwalta, kowace kwana sai taya ta goge, wata rana kuma da kaya a baya sandar aksul za ta karye." Akwai kuma mai makulli, wadda direba ke kulle ta da iska ko lantarki idan ya shiga taɓo, ya buɗe idan ya fito. Ita ce gwana, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin albashin ɗan jarida, ga shi kuma na san ƙanena da mantuwa.

Saura ta tsakiya, mai farantai a ciki irin na kuloci, waɗanda ke rage zamewa ba tare da sun kulle tayoyin gaba ɗaya ba. Ita na zaɓa, ko da yake na san farantan suna cinyewa, kuma tana da irin manta na musamman. Muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman ta hannu. A can dattijon ya koya mini gwaji: ka juya ɓangare ɗaya da hannu, idan ɗayan ya bi shi to farantan suna kamawa, idan kuwa ya juya baya, to irin tamu ce ta dā. Sa'an nan ya zauna ya ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, don kada mu sayo wadda za ta rage wa motar ƙarfin jan kaya. Uku muka mayar kafin ya yarda da ta huɗu.

Bana motar ta ratsa kwarin nan sau da dama. Sau ɗaya ta kafe, ranar da tayoyin biyu duka suka nutse har aksul ya zauna a ƙasa, shanun noma ne suka jawo ta.