Mutum Ashirin a Jahazi

Shekara talatin da 'yan kai Malam ya yi yana koyar da al'adun Hausawa a jami'a, kuma babu darasin da ɗalibansa suka fi riƙewa irin na bukukuwa. A nan ne yakan ce musu bikin Bahaushe ba shi da ƙyaure. Wanda aka kai wa goro ya zo, wanda ya jiyo kiɗa daga bayan gari shi ma ya zo. Maroƙi da almajiri da ɗan gayyar soɗi, kowa da rabonsa a tukunya, kuma ba a auna girman biki da waɗanda aka gayyata, sai da waɗanda suka zo ba a kira su ba. Ya rubuta wannan a maƙala, ya maimaita shi a taruka, ya kuma sha ganin ɗalibai sun kwafe shi a kundayensu har da waƙafinsa.

Saboda haka ranar da autarsa ta shaida masa cewa bayan ɗaurin aure da kai amarya, ita da angonta sun shirya wata ƙwarya-ƙwaryar walima a Zanzibar, a cikin jirgin ruwan da suka ɗauka haya su kaɗai, mutum ashirin cif, bai ce uffan ba. Yayarsa ce ta yi magana, wadda ta riƙe yarinyar shekara bakwai bayan rasuwar mahaifiyarta. An ce mata tafiyar za ta yi mata wuya saboda ciwon ƙafa. Ta ce ta ji, amma ai da an tambaye ta, ita da kanta za ta ce ba za ta iya ba. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa jin bikin da ake ƙirga mutane kamar awakin da za a kai kasuwa ba. Da wannan magana a kunnensa Malam ya hau jirgin sama a watan Janairu, ƙurar hunturu ta rufe gari.

Nungwi ƙauye ne a can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja, tafiyar kimanin kilomita 60 daga birnin Zanzibar. Masunta ne da masassaƙan jirage tun asali, kuma har yanzu ana ganinsu a ƙarƙashin bishiyoyin bakin teku suna sassaƙa da gizago, suna toshe tsakanin katako da auduga da mai. Otal-otal ne suka zo daga baya suka jeru a gefensu. Da yamma ta yi, sai jiragen katako su yi layi a kan ruwa suna jiran masu yawon buɗe ido. Hanyar shiga iri biyu ce. Ko dai mutum ya biya kuɗin kansa ya zauna da duk wanda Allah ya haɗa shi da shi, ko kuma jama'a ɗaya su ɗauki jirgin dungurungum da ma'aikatansa da abinci da makaɗa, na sa'a biyu ko uku, a fita kafin la'asar sakaliya a dawo bayan faɗuwar rana. Ta biyun ce autar ta zaɓa, ta kuma gindaya sharaɗin kada a ɗora ko kwalba ɗaya ta barasa.

Mai nazarin harshe ba ya iya kallon abu bai tambayi sunansa ba. Kafin lokacin tashi ya yi, Malam ya riga ya cika shafi biyu na ɗan littafinsa. Bahaushe da kalma ɗaya ya wadatu, wato jirgi, ya ara wa na ƙasa da na sama, ya kuma bar kwalekwale ga ƙananan. Su kuwa nan kowane da sunansa: ngalawa ɗan siriri mai fukafukan katako a gefe biyu, mashua matsakaici, sai jahazi babbansu, mai makeken ƙyalle mai kusurwa uku da suke kira tanga. Iskar da ke kaɗawa a lokacin sunanta kaskazi, daga arewa maso gabas take fitowa tsakanin Disamba da Maris, kusurwa ɗaya da lokaci ɗaya da iskar hunturun da ya baro a gida. Ita ce ta riƙa kawo jiragen Oman da Indiya shekaru aru-aru, kusi kuma ta mayar da su ɗauke da hauren giwa da kanumfari da bayi, har aka rufe kasuwar bayin birnin a 1873. Wata kalma ta tsaya masa a rai. Daga tushen Larabci guda Suwahili ya sami safari, Hausa ta sami safara. Ta can ta zama shaƙatawar masu kuɗi, ta gida kuwa ta tashi daga fatauci ta koma bakin 'yan jarida, ba a cika jin ta ba sai tare da ƙwayoyi ko mutane. Ga shi jirgin da ya yi safara jiya, yau safari yake yi.

Ana shirin shiga ruwa sai wasu samari biyu suka matso da sallama. Hausa suka jiyo a bakin teku, suka kasa wucewa. 'Yan Kaduna ne, sun zo wani aiki suka tsaya hutun kwana biyu. Aka gaisa, aka tambayi unguwa, har aka tarar ɗaya ya san wani tsohon ɗalibin Malam. Abin da ya biyo baya ba sai an yi tunani ba. Malam ya ce, "Ai biki muke yi. Bismilla, ku zo mu je."

Shugaban jirgin, wanda suke kira nahodha, wani baƙin dattijo ne siriri da hula mai ɗinkin hannu. Yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana taɓa kafaɗar duk wanda ya hau. Da ya zo kan samarin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ishirini." Wannan kalma ba ta bukaci tafinta ba, domin daga inda Hausa ta ari ashirin nan Suwahili ya ari tasa. Angon ya matsa ya yi masa magana da Turanci, ya nuna zai ƙara kuɗi. Dattijon ya girgiza kai ya maimaita kalmar. Autar ta zo kusa da mahaifinta ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, haka ƙa'idarsu take." Samarin suka yi dariyar da ake yi don a rufa wa babba asiri, suka ce dama suna da wani uzuri, suka yi addu'ar zaman lafiya suka juya.

Wanda bai san Bahaushe ba zai ce ƙaramin abu ne. Amma dattijo ya yi wa baƙo bismilla a gaban surukinsa da 'yarsa, sannan wani ya soke ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malam ya karɓi rigar ceton da aka miƙa masa, ya ɗaura ta bisa babbar riga, ya koma can ƙarshen jirgi kusa da matuƙi ya zauna shi kaɗai. A ransa ya gama rubuta maƙalar. Abin da ake saya a nan, in ji shi, ba iska ba ce, ba kuma faɗuwar rana ba, tunda waɗannan kyauta ne ga duk wanda ya tsaya a bakin gaɓa. Katanga ake saya. A gida mai kuɗi ya gina zauren taro ya sa masu gadi da katin gayyata, duk da haka sai an sami mai tsallakowa. Ruwa kuwa katanga ce da ba a haurawa. Jiragen da ke wuce su suka ƙara masa hujja: Turawa rabin tsirara a saman bene, kwalabe a hannu, lasifika tana amo, suna yin abin da ba za su yi a cikin ƙauyen ba, inda aka kafa alluna ana roƙon baƙi su suturta jikinsu. Sun biya kuɗi sun fita daga idon gari.

Da aka yi nisa, aka kashe inji, aka ja igiya tanga ya buɗe. Shirun da ya sauka ya ba shi mamaki. Sai ƙarar katako da ruwa yana shafar gefen jirgi. A nan nahodha ya miƙo masa kofin gahawa ya ce, "Maalim." Ashe ya ji yara suna cewa Malam, ya gane kalmarsu ce. Da guntun Larabcin makarantar allo da guntun Turanci suka haɗa zance. Dattijon ya nuna arewa da haɓa, wajen mashigin da ke tsakanin Unguja da Pemba, inda ruwan ya sauya daga kore zuwa shuɗi mai duhu.

Malam ya san labarin sama-sama, kamar yadda ake sanin abin da aka ji a rediyo. A daren 9 ga Satumba 2011 wani jirgin fasinja mai suna Spice Islander ya tashi daga tashar birnin Zanzibar zuwa Pemba, an yi masa lodin mutane da kaya fiye da kima. Kafin wayewar garin 10 ga wata ya kife daura da Nungwi, ɗaruruwan mutane suka halaka. Jiragen masunta da na masu kai baƙi ninƙaya suna cikin waɗanda suka fita ceto, kuma a wannan farin yashin da ake ɗaukar hoto aka riƙa sauke gawarwaki. Nahodha ya ce yana cikin waɗanda suka fita. Bai faɗi abin da ya gani ba. Ya ce kawai tun daga ranar, rigunan ceto ashirin gare shi na fasinja, kuma mutum ashirin yake ɗauka, ko uwarsa ce ta zo ta ashirin da ɗaya.

Malam ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Maƙalar da ya gama rubutawa a rai ba ta rushe ba, domin kuɗi ne dai suka zaɓi waɗanda suka zama ashirin ɗin, kuma ba nahodha ne ya cire sunan yayarsa ba. Sai dai ƙirga guda ce ya gani a bakin gaɓa, ashe biyu ce. Karin maganar da ya sha koyarwa, cewa bikin Bahaushe ba shi da ƙyaure, magana ce ta mutanen tudu, inda in tabarma ta cika sai a shimfiɗa wata. Ya tuna sarkawan Yawuri da Argungu, waɗanda ya yi shekaru yana ambata a aji ba tare da ya taɓa tambayar ɗayansu yadda ake karɓar baƙo a kwalekwale ba.

Can gaba makaɗa uku suka fara. Sun iya hannu, kuma da 'yan mata suka fara liƙi da shilin Tanzaniya ba su yi mamaki ba, tunda su ma a wajen kiɗan taarab ana tashi a kai wa mawaƙi kuɗi ana kaɗa takardar a sama. Amma Malam ya ji wani abu ya ɓace, bai daɗe ba ya gano shi. Kiɗa ne babu suna. Makaɗan ba su san amarya ba, ba su san uban kowa ba, jiya sun yi wa wasu, gobe za su yi wa wasu. A gida da tuni wani ya daka tsawa ya tono kakanni bakwai, ya ambaci unguwa da sana'a, har mai rowa ya ji kunya ya sa hannu a aljihu. Autar tana tsakiyar fili da lalle a hannu, tana murmushi irin na hoto, ba wanda ya kira ta da abin da take.

Abin da ya faru daga nan, da a gida ne da ba zai faru ba ko da wasa. Malami ba maroƙi ba ne, uba kuma ba ya wasa 'yarsa a bainar jama'a. Shekara talatin yana bin maroƙa da rikoda, yana rubuta abin da suka faɗa yana rarraba shi gida-gida, bai taɓa ɗaga murya ya gwada ba. Ya miƙe yana dafa igiya, rigar ceto ta tattare masa babbar riga. Muryar ta fito a shaƙe da farko. Ya kira ta jikar madugu, wanda ya kai jakuna Gwanja ya komo da goro ba a rasa ko ɗaya ba. Ya ambaci mahaifiyarta da sunan da ba a ƙara faɗa a gidan ba tun rasuwarta. Sannan ya ce 'yar riƙon Yaya, tuwon Yaya, tarbiyyar Yaya, ya maimaita har sau uku. Makaɗan ba su ji kalma ko ɗaya ba, amma sun san aikin, suka sassauta hannu suna amsa masa a ƙarshen kowace gaɓa. Angon ya sunkuyar da kai. Autar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wata ƙawarta ta ɗaga waya, Malam ya yi mata nuni da yatsa, ta sauke.

Rana ta faɗa ta bayan tsibirin Tumbatu. Nahodha ya bar wa yaronsa tuƙi, ya shimfiɗa ɗan buhu a bayan jirgi, ya yi wa Malam alama. Malam ya juya baya ga jan sararin da rana ta bari, ya fuskanci gabas kamar yadda ya yi tun yana ɗan shekara bakwai. Dattijon ya kama kafaɗarsa a hankali ya karkatar da shi hagu. Daga Zanzibar, Makka tana arewa sak. Suka yi magariba su biyu, jirgi yana lilo, suna fuskantar mashigin Pemba.

An iso gaɓa da duhu. Nahodha ya riga kowa sauka, ya tsaya cikin ruwa yana taɓa kafaɗu yana ƙirgawa a bayyane, sai da ya kai ishirini sannan ya bari aka ɗaure jirgi. Malam ya duba ko zai ga samarin nan biyu, bai gan su ba. A otal ya tarar da kira huɗu daga yayarsa. Ya kira ta, ta tambayi ruwa, ta tambayi abinci, ta tambaya ko yarinyar ta yi kyau. Ya ce ta yi. Ta ce to an yi kiɗa kuwa? Ya ce an yi. Ta ce wa ya yi mata kirari a can, tunda ba a san ta ba? Malam ya yi shiru, sannan ya ce an dai sami wani. Ta ce Allah Ya biya shi, kuma kada ya manta da kanumfarinta.