Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Hausawa suna cewa tun ran gini tun ran zane, watau magini ba ya bari sai ƙasa ta bushe sa'an nan ya ce zai yi wa bango ado. Wannan karin magana shi ne ya riƙa yi mini yawo a zuciya tun sa'ad da aka fara neman gudummawarmu, mu mazauna wani ƙaramin gari a Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, domin a ƙara waɗansu abubuwa a filin wasan kekuna da majalisar garin take ginawa. A ido maganar ƙarama ce, amma da na zauna na auna ta sai na ga a cikinta ne za a yanke hukunci ko filin nan na kowa da kowa ne, ko kuwa na samari masu jini a jika ne su kaɗai.

Bari in fara bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da filin wasan kekuna, domin kuwa mu mun san keke ne a hanyar gona da kasuwa da makaranta. A nan fili ake keɓewa, a jibge ƙasa, a daɓe ta, a fitar da hanyoyi masu lanƙwasa. Akwai wadda ake yi wa tudu da kwari a jere kamar kunyoyin gona, wadda gwani kan zagaye ta bai taka feda ko sau ɗaya ba, sai dai ya riƙa danna keken yana sassautawa da nauyin jikinsa. Akwai kuma tuddan tsalle, inda yaro kan tashi sama da kekensa ya dira a wancan gefe. Kada a ɗauka shiririta ce, gama tseren keken hawan dutse ya shiga wasannin Olimfik tun 1996 a Atlanta, na ƙananan kekunan nan da ake kira BMX kuma ya shiga a 2008 a Beijin.

To, kuɗin da majalisar garinmu ta ware sun isa a yi manyan hanyoyin da shinge da wurin ajiye motoci. Abin da ya rage aka rubuta shi a takarda daban, aka ce sai in an sami kuɗi. A ciki akwai famfon ruwan sha, da makewayi, da rumfa da bencina, da 'yar hanya ta ƙananan yara waɗanda ba su iya feda ba tukuna, da wurin gyaran keke mai sifana da famfon iska. Sai ƙungiyar mahaya keke ta garin ta buɗe asusu, ta shiga bin gida-gida da kantuna.

Wannan hanya ba mu muka fara ta ba. A birnin Bolda, cikin wannan jiha, akwai filin kekuna na Valmont, mai faɗin eka kimanin 40, wanda aka buɗe a watan Yuni na 2011, kuma kyauta ake shigarsa. Hukumar birnin ta ba da fili da kuɗi, ƙungiyar Boulder Mountainbike Alliance ta tara gudummawar jama'a, sa'an nan aka sami tallafi daga asusun Great Outdoors Colorado, wanda masu jefa ƙuri'a na jihar suka kafa a 1992 da wani kaso na ribar cacar jiha. Har gasar ƙasa ta tseren keke cikin laka da ƙanƙara an yi a wurin a watan Janairu na 2014. Na kai iyalina can ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zakarun tsalle suke nasu a wani gefe, ga yaro ɗan shekara uku yana tura kekensa da ƙafa a tasa 'yar hanya, ga uwarsa zaune kusa tana kallonsa hankali kwance.

Da takardar neman gudummawa ta iso gidana sai ra'ayi ya rabu biyu. Babban ɗana, wanda ya fara zama saurayi, ya ce, "Baba, in za ka bayar ka ce a sa a tsalle. Wanda suke yi yanzu na yara ne." Kakarsu kuwa, mahaifiyar mai ɗakina, wadda take zaune tare da mu, ita ce mai fita da ƙananan da la'asar sa'ad da muke wurin aiki. Ta saurara har ya gama, sa'an nan ta juyo ta ce mini, "Malam, ni tambayata biyu ce. Akwai inuwa? Akwai wurin kama ruwa?" Na ce, "Hajiya, su ne ake nema wa kuɗi." Ta ce, "To, in babu su, ni da filin sai dai daga nesa."

Wannan amsa tata ita ce dukan hujjata. In Hajiya ba ta je ba, 'yar autata mai shekara biyar ba za ta je ba, domin babu mai kai ta. Ashe rashin benci guda da ɗan ɗaki mai ƙofa ya isa ya hana mutum biyu shiga filin da aka gina da harajin kowa, ba tare da an kafa allo an ce kada su shiga ba. Kuma ba gidana kaɗai ba ne. Mace mai goyo, da tsoho mai ciwon gwiwa, da uban da ya zo a keken guragu domin ya ga ɗansa yana hawa, duk abin da ake kira ƙari shi ne ƙofarsu ta shiga. Ƙasar nan tudu ce ƙwarai, birnin Denba ma yana bisa teku da ƙafa 5,280, saboda haka rana takan yi cizo, iska kuma busasshiya ce, yaro kan ji ƙishirwa tun bai yi zagaye uku ba.

A taron da ƙungiyar ta kira, samarin sun kawo tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suka ce su ne suka yi shekaru suna roƙon a gina filin, su ne za su riƙa ɗaukar shebur suna gyara shi, kuma in tsallen bai kai ya kawo ba za su koma dazuzzuka suna haƙa nasu a ɓoye, inda in mutum ya karye babu mai ganinsa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma abin da ya raba gardama ya fito ne daga bakin ɗan kwangilar da yake aikin. Ya ce tudun tsalle ƙasa ce, ko baɗi aka sami kuɗi ana iya kawo tifa a ƙara. Bututun ruwa kuwa a wannan jiha dole a binne shi da zurfi, ƙasa da inda sanyin hunturu yake daskarar da ƙasa, in ba haka ba ya fashe. Yanzu fili a buɗe yake, katafila tana wurin, ramin kwana kaɗan ne. In aka bari sai an gama, to, sai an sake kawo injin, an tsaga hanyoyin da aka daɓe, an biya kuɗin gini sau biyu. Haka kuma makewayi, wanda dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta a yi shi yadda keken guragu zai shiga, yana bukatar a fitar masa da wuri da hanya tun yanzu.

Daɗin daɗawa, sai ya tuna wa samarin abin da su ma suka sani, watau tudun ƙasa in bai sha ruwa ba yakan tsattsage ya zama ƙura. Bututun da zai shayar da jikar Hajiya shi ne zai jiƙa musu tuddansu. Da jin haka sai ɗakin ya yi tsit, aka amince a fara da ruwa da makewayi, a bi da rumfa da hanyar ƙananan yara, tsallen kuma ya jira abin da ya yi saura.

Na ba da abin da ya sawwaƙa, na kuma rubuta sunana cikin masu aikin gayya na ranar Asabar, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai akwai abu biyu da na faɗa a taron, ina kuma so in maimaita su a nan domin duk wanda irin wannan aiki ya samu a garinsa. Na farko, a yi hattara da mai babbar kyauta. Babu laifi a rubuta sunan kanti a jikin rumfa, amma kada girman kyautarsa ya sa ya zama shi ne mai cewa ga abin da za a gina. Wanda ya ba da dala biyar da wanda ya ba da dubu, 'ya'yansu layi ɗaya za su bi a bakin famfo. Na biyu, kada a karɓi kuɗin gina abu sai an san wanda zai kula da shi. Famfon da ya lalace aka bar shi, da makewayin da aka garƙame da kwaɗo don babu mai wankewa, sun fi rashinsu ɓata rai, domin kuwa mutum ya zo da sa rai ya koma da takaici. Saboda haka muka nemi majalisa ta rubuta a takarda cewa in mun gina, ita za ta ɗauki nauyin ruwa da shara.

Har yanzu da nake wannan rubutu asusun bai cika ba. An haƙa ramin bututu, amma kuɗin rumfa da saura, ɗana kuma bai daina ƙorafin tsallensa ba, ko da yake ranar Asabar da ta wuce ya riga ni ɗaukar shebur. Fatana shi ne ranar da za a yanke ƙyalle a ce kowa ya shigo, maganar ta zama gaskiya ga tsoho da yaro, ga mai ƙarfi da mai rauni. Allah ya sa mu ga wannan rana lafiya, amin.